Dutsen Niƙan Hajo

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato, shekaru masu yawa ke nan yanzu, da wuya a yi zaman biki ko suna a Zangonmu na Kumasi wata ba ta ce mini, Rabi, ba mu labarin Bodinga ba. Ni kuwa guntu-guntu nake ba su. Yau in faɗi zafin ƙasar, gobe in kwaikwayi maganarsu a yi dariya a watse. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara tambayata sun riga mu gidan gaskiya, yanzu 'ya'yansu ne ke tambaya. Shi ya sa na ce bari in zauna in jero shi daga farko har ƙarshe, tun ina iya tuna sunayen mutanen da suka yi mini alheri.

Baba ne sanadin tafiyar. Gidanmu ana ce masa gidan Na-Bodinga saboda kakan Baba, Abdu, wanda ya zo Gwanja cikin ayarin fatake tun kafin zuwan Turawa, ɗauke da rinannen zane don ya musanya da goro. Ya zauna a Salaga, ya yi aure, ya hayayyafa, daga baya 'ya'yansa suka gangaro Kumasi. Baba ya riske shi yana yaro ƙarami, abin da ya riƙe kawai shi ne dogon tsoho ne marar yawan magana. Takarda ɗaya Abdu ya bar mana, shafin ƙarshe na wani ɗan littafi da ya kwafa da hannunsa, inda ya rubuta sunansa: Abdu ɗan Sambo marini, mutumin ƙasar Bodinga. Ya rubuta sunan ƙauyensu ma, amma gara ta cinye wurin.

Da Baba ya daina gani, sai maganar ta fara damunsa. Kullum cewa yake yi muna amsa sunan garin da babu wanda ya taɓa taka shi a cikinmu, kuma ba ya so ya mutu bai san ko akwai wanda ya rage a can ba. Yayyena maza biyu kowa na fama da iyalinsa. Ni kuwa mijina ya shekara biyu da rasuwa, 'ya'yana sun tasa, kasuwar atamfar da nake yi ta mutu murus, don sojoji sun karɓi mulki a wurinmu, kanti ba kaya, kasuwa ba mai saye. A Najeriya farar hula ke mulki, mu daga nesa muna jin labarin arzikin mai, har muna zaton ko a ƙauye shinkafa ake watsa wa kaji. Na ce wa Baba ni zan je. Ya tambaye ni ko har yanzu ina iya karanta ajami. Na ce ina iyawa. Ya sa aka ɗinka wa takardar 'yar jakar fata, ya aika aka sayo farin goro ƙwarya guda, ya ce in na sami wani na jininmu in ba shi, in ce yana gaisuwa. Ni kuma na sayi sabon littafin rubutu da biro, don a zatona zan tarar da kabarin Sambo marini da suna a jiki in kwafo.

Motar goro na bi. Direban, Malam Iro, mutumin Jega ne, ya daɗe yana saukar da kaya a unguwarmu, kuma yana ganin girman Baba, don haka ya sa ni a gaba. Muka bi ta Tamale muka haura Boku, muka ratsa ƙasashen Togo da Binin. Bazara ce, ƙarfen motar in ka taɓa sai ka janye hannu. Duk inda muka tsaya sai an buɗe huhun goro an yayyafa masa ruwa kafin mu kanmu mu sha. Na yi guzurin dokunu, tuwon masararmu mai ɗan tsami, da soyayyen kifi da yaji, a kwana na uku dokunun ya yi tsamin da Malam Iro ya ce ko dai in jefar ko in koma baya wurin kaya. A shingayen hanya ma'aikata na yi masa Faransanci yana mayar musu da Hausa, kowa na ɗaga murya, a ƙarshe kuma sai a yi dariya a ɗage sanda. Har yau ban san yadda suke fahimtar juna ba.

Shi ya nuna mini cewa kusan hanyar nan fatake ke bi a da, da jakuna, wata da watanni. In mun wuce wata tsohuwar rijiya ko wata kuka sai ya ce nan zango ne. Ni dai ina zaune a kan kujera ƙashin bayana na ciwo, ina tunanin mutumin da ya taka wannan nisa da ƙafa.

Muka haye kogin Kwara muka shiga Gaya, daga nan sai bakin iyaka a Kamba. A nan muka kwana biyu, don an fito da sabuwar doka a kan shigo da kaya, gwamnati na cewa a tsuke bakin aljihu, kowace mota sai an sauke an duba. A nan na fara gane cewa arzikin da muke ji daga nesa ya fara ja da baya. Matan da ke sayar da abinci a wurin ba su da zance sai na tsadar shinkafa da ɓatan madara da sabulu. Ma'aikacin da ya karɓi fasfona ya juya shi, ya dube ni, ya tambayi wurin wa zan je. Na ce wurin dangi. Ya ce sunan maigidan fa? Sai na ce Sambo marini. Ya rubuta a babban littafinsa, ya tambayi sana'arsa, na ce rini. Ya buga hatimi ya miƙo mini. Da na gaya wa Malam Iro cewa na ba da sunan mutumin da ya kusa shekara ɗari a ƙasa a matsayin mai masaukina, dariya ya yi har hularsa ta faɗi.

Mun wuce Jega da Tambuwal lafiya, sai a Kajiji wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar. Malam Iro ya leƙa ya fito ya ce sai an je Sakkwato neman irinsa. Ya tsayar mini da wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa, ya damƙa ni a hannun direban, ya ce bayan kwana goma in jira shi a bakin hanya a Shagari. Na hau bisa buhunan albasa, na tarar da wata mata zaune da farin ɗankwali da akwatin ƙarfe a cinya. Ita ce Malama Kulu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, 'yar Gwadabawa da aiki ya kawo ta Shagari. Ta tambaye ni inda na nufa, na ce Bodinga. Ta ce gidan wa? Na ce ban sani ba tukuna. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce to ba inda zan je, a wurinta zan sauka.

Ɗakinta ɗaya ne a bayan ɗakin shan maganin, da gado ɗaya da tabarma. Ta rantse sai ni na hau gadon. Garin cike yake da tutocin jam'iyyu da motocin manya masu wucewa, amma a kantar maganinta in ban da ƙwayar ciwon kai da jan maganin miki ba kome. Duk da haka tun safe mata ke cika rumfar, tana duba su, tana yi musu faɗa, tana ba su haƙuri. Ban taɓa ganin ta mayar da wata ba tare da ta ji kukanta ba.

Abinci ya ba ni wuya da fari. Mu a nan mun saba da abu mai yaji da kifi, su kuwa fura ce safe da rana, mai kauri, da nono mai tsami, suna ce mata hura. Da maraice tuwon gero da miyar kuka ko ta sure, wadda mu muke ce wa yakuwa. Albasa kuwa ɗanya suke gatsa kamar yadda muke cin gwaiba. Kafin mako ya zagayo ni ma na iya, har ina neman ƙari. Magana ma ta ba ni kunya. A gidanmu Baba ba ya yarda a karya Hausa, amma in bakina ya yi sauri sai ta Zango ta fito, wadda ba ta raba mace da namiji. Wata tsohuwa maƙwabciyar Kulu ta shigo, na ce, Inna ya kwana lafiya? Tsohuwar ta waiwaya bayanta tana neman namijin da nake nufi. Tun daga ranar duk inda ta gan ni sai ta ce ga wadda ta mai da ita namiji.

Kulu ce ta yi tambaya har aka kwatanta mana wani tsohon malami a Bodinga, Malam Modi, wanda kakansa ya yi alƙalanci a zamanin da, kuma kundayensa na wurinsa. Ranar da ba ta da aiki muka je. Na shiga zaure na yi gaisuwa a tsaye kamar yadda muke yi, sai na ji Kulu ta ja zanena ƙasa. Na durƙusa. Gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambayi gida da gajiya da zafi da iyali da dabbobi, a koma a sake daga farko, kai a sunkuye. Da aka gama na miƙa takardar. Ya kai ta dab da idonsa ya daɗe yana dubawa, ya ce irin rubutun mutanen ƙasar nan ne, amma marina a da suna da yawa, Sambo kuwa kowane gida akwai. Ya ce zai duba, amma kada in sa rai.

Kwana uku ina zuwa. Nakan zauna a cikin gida wurin matarsa Inno, ina taya ta ɓarar gyaɗa, daga nan ina jiyo shi a zaure yana kwance gafakar takardu ɗaya bayan ɗaya. Takardun ba a ɗinke suke ba, wasu sun yi ja, wasu gefensu na marmashewa in an taɓa. A rana ta uku bayan azahar ya aiko a kira ni. Ya ɗora yatsa a gefen wani shafi inda aka yi ƙananan layuka da Larabci, ya fassara mini a hankali. An rubuta cewa 'yan'uwan wata mata mai suna Hajo, matar Abdu ɗan Sambo marini na Gidan Marina, sun kawo magana cewa mijinta ya bi ayarin Gwanja shekara bakwai ba labari, ya bar ta da ciki, ta haifi ɗa namiji. Alƙali ya yanke cewa tana iya yin takaba ta yi wani aure. A ƙarshe aka ƙara kalma biyu, Malam Modi ya ce ma'anarsu ita ce ta ƙi.

Na roƙe shi ya sake karantawa. Mu a gidanmu ba wanda ya taɓa jin cewa Abdu ya bar mata a gida, balle ɗa. Labarin da muka tashi da shi na saurayi ne jarumi da ya ratsa daji ya kafa zuri'a.  Malam Modi ya ce in ji, kada in yi saurin yanke wa mamaci hukunci, hanya a zamanin nan takan rufe shekara da shekaru saboda yaƙi. Ya ce Gidan Marina na nan a wajen Horo Birni, sai dai an daina rini tun yana yaro.

Bayan kwana biyu Kulu na da zagayen rigakafi a wannan yankin, ta goya ni a ɗan babur ɗinta. Sau biyu muna faɗuwa cikin rairayi, na biyun har goron Baba ya watse muka bi muna tsincewa. Ƙauyen bai fi gida goma sha wani abu ba. A bakinsa akwai ramukan rini da suka cike da ƙasa, awaki na kwance a ciki. Muka yi sallama a gidan da aka ce na babbansu ne, wani tsoho mai suna Sambo. Sunan mahaifin Abdu ke nan. Aka shigar da mu wurin mata, aka ba mu ruwa, amma fuskokin ba walwala. Da Kulu ta faɗi abin da ya kawo ni, aka aika waje, amsa ta dawo cewa maigida ya ce ba su san wani Abdu ba, wataƙila wani Gidan Marinan ake nufi.

Kulu ta shiga aikinta, ni na zauna a gefe kamar wadda aka jiƙa. Ina nan zaune sai na ji wata mata na ce wa 'yar'uwarta ta yi sauri da damun fura, masu aiki a gonar Na-Gwanja na jira. Tana faɗa ta dube ni ta kama bakinta. Nan na gane gonar Abdu ake nufi, sun san shi sarai. Labarina ya riga ni zuwa, don zauren Malam Modi ba ya rabuwa da mutane, kuma an yi kasuwa a tsakani. Abin da ya iso musu shi ne wata mata ta zo daga Gwanja da takarda tana neman gado. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa, gonar nan, fadamar albasa, ita ce ke riƙe da gidan duka. Da ni ce a matsayinsu, ban san abin da zan ce wa baƙuwar ba.

Na kira Kulu gefe na ba ta goron, na ce ta kai wa maigida da kanta. Ta gaya masa ban zo neman ko taki ɗaya na ƙasa ba, mahaifina makaho ne a Kumasi, gaisuwa ya aiko. In ba su san Abdu ba shi ke nan, amma ina roƙon a nuna mini inda aka binne Hajo in yi mata addu'a in koma.

Ba a daɗe ba sai na ji ƙarar sanda a ƙofar gida, matan suka gyara lulluɓi. Dogon tsoho ne, siriri, ya haura saba'in. Ya tsaya a kaina, na durƙusa.

Ya ce, "Wa yab ba ki sunan ga?"

Na gaya masa yadda Malam Modi ya samo shi a kundin kakansa, da abin da aka rubuta, har kalmomin nan biyu na ƙarshe.  Sannan ya nemi turmi ya zauna.

Ya ce, "Kakata ta. Hannunta nit tashi. Tashi zaune, ɗiyata, ki bar durƙuso."

Daga nan na koma kiransa Bappa, yadda suke kiran ɗan'uwan uba. Ya ba ni labarinta, matan gida na tsaye suna ji, wasunsu ma ranar suka fara jin wani abin. Ya ce da ta ƙi aure 'yan'uwanta sun yi fushi sun janye hannu, sai ta koma yi wa mutane niƙa ana ba ta ɗan tsaba, da haka ta raini mahaifinsa. Gonar mijinta kuwa ta hana a raba, ta hana a canja mata suna, ta ce mai ita na nan tafe. Duk ayarin da ya sauka a Bodinga ko Jega sai ta aika a tambayo. Wani ya ce ya gan shi a Salaga, wani ya ce ya mutu a hanya, ba ta gaskata kowa ba. Ya ce bai taɓa jin ta zage shi ba, bai kuma taɓa jin ta yabe shi ba. Abu ɗaya dai, har ta rasu ba ta sa goro a baka ba. Da ya faɗi haka sai kunya ta kama ni, ga ƙwaryar goron da na kawo Kulu ta dawo da ita ta ajiye a gabansa. Ya lura, ya yi murmushi, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya ce ita ce ba ta ci, su kam suna ci.

Da la'asar ta yi sanyi ya ce in taso. Maƙabartar na can a tsohon kufai, bayan ramukan rini. Na ɗauko littafina da biro. Da muka isa wata aduwa a bakin wurin ya ce in tsaya nan, mata ba sa shiga. Na sani, a wurinmu ma haka ne, amma ban taɓa jin zafin abin ba sai ranar, bayan na ratso ƙasa huɗu. Na tsaya ina dubawa. Ni da na saba ganin kaburburan Kumasi da siminti da suna, na mutanen Asante har da hoto da fenti, a nan ban ga kome ba sai fili da ƙananan tudu, wasu da fasasshiyar tukunya, wasu da guntun icce, da yawa ruwan sama ya shafe su sun koma daidai da ƙasa. Na tambaye shi na Sambo marini, ya ce wannan ko mahaifinsa bai san wurinsa ba.

Ya shiga shi kaɗai yana dogara sanda, yana kaucewa kada ya taka kowa. Can wajen tsakiya ya tsaya, ya waiwayo, ya ɗaga sandarsa sama don in gani, sannan ya nuna ƙasa. Daga inda nake ina hango wani baƙin dutse mai faɗi, rabinsa a binne. Ya tsuguna ya share masa ƙasa da hannu, ya ɗaga tafukansa. Ni ma na ɗaga nawa daga gindin aduwa. Na yi mata addu'a, na yi wa Abdu, na roƙi Allah ya yafe abin da ke tsakaninsu wanda mu ba mu sani ba. Hawaye na zuba, ban ma san lokacin da littafin ya faɗi ƙasa ba.

Da ya fito ya gaya mini dutsen niƙanta ne. Ta yi ta niƙa a kansa har cikinsa ya zurma ya rabe biyu, shekara ɗaya kafin ta rasu. Mahaifinsa ne ya ɗauko rabin ya kafa mata, ya ce tukunya takan fashe, wannan kuwa zai daɗe. Ya ce duk kufan nan kabarinta kaɗai ne yaro ma zai iya nunawa.

Daga nan ya ce sai na ga gonar. Muka zagaya ta, an cire albasa an tara a rumfuna. A bakin kunya ta ƙarshe ya tsaya, ya ce tun safe abin na cinsa, ya yi ƙarya da tsufansa saboda tsoro. In gaskiya za a bi, mahaifina na da rabo a nan, kuma in na ce a kira malamai a raba ba zai hana ba. Na ce Baba bai aiko ni da wannan ba, kuma na san abin da zai ce: wadda ta tsare gonar ita ke da ita, jikokinta kuma su ne magada. Ya kau da kai yana kallon rumfunan, ya daɗe kafin ya juyo.

Kwana biyu na yi a gidan. Matan da suka ɗaure mini fuska su ne suka yi mini kitso, suka yi ta sa ni magana don su ji Hausar Gwanja su yi dariya. Ranar tafiya aka haɗa mini buhun albasa da damin gero da ƙullin daddawa, na ce ba zan iya ɗauka ba, Bappa ya ce ba nawa ba ne, na ɗan'uwansa ne. Ya rako ni har bakin ramukan rini. Ya ce in tambayar masa Baba abu ɗaya, ko tsohon ya taɓa ambaton gida. Na ce zan tambaya, amma a raina na san amsar, don da ya ambata da mun ji.

Malam Iro ya same ni a Shagari kamar yadda ya yi alkawari. Rabuwa da Kulu ta yi mini wuya, na bar mata turmin atamfa ɗaya da na ɓoye a ƙasan jaka, ta yi ta faɗa kafin ta karɓa. Albasar kuwa kowane shinge sai an ɗebi kaɗan, abin da ya iso Kumasi bai fi rabin buhu ba, amma sai da kowane gida a layinmu ya ɗanɗana.

A hanya na yi ta tunanin ko in ɓoye wa Baba zancen matar, kada in ɓata masa kakansa a ƙarshen rayuwarsa. Da na zauna a gabansa sai na kasa. Na faɗa masa duka, tun daga kundin har dutsen. Yana jingine yana ji, bai katse ni ba. Da na gama ya ce in sake faɗin sunanta. Na ce Hajo. Sai na ga ya tashi zaune.

Ya ce, "Ke Rabi, babbar 'yar da ya fara haifa a Salaga, yayar mahaifina, ai sunanta ke nan. Ta rasu tun kafin a haife ki. Mun sha tambaya ina aka samo sunan, don babu mai shi a dangin kakarmu. Shi ya raɗa mata da kansa, bai kuma gaya wa kowa dalili ba."

A ranar na ɗauko littafin nan da ban rubuta kome a ciki ba, na yage shafi biyu na rubuta wa Kulu wasiƙa, na roƙe ta ta kai wa Bappa wannan magana. Na ba Malam Iro. Ba a jima ba aka shiga korar baƙi daga Najeriya, hanya ta rikice, motocin goro suka daina zuwa. Baba ya rasu da damina bai ji ko saƙon ya isa ba. Ni ma ban sake komawa ba, kullum ina cewa baɗi.

Sai bayan fiye da shekara wani ɗan kasuwa ya kawo mini amsa, takardar duk ta yi laushi saboda yawon aljihu. Kulu ta ce ta je da kanta a kan babur, ta same shi a ƙofar gida, ta karanta masa. Da ta zo wurin sunan ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya ce, "Ashe bai mance ba." Ta ce daga nan ya jawo sandarsa ya miƙe. Rana na tsaka, matan gida na ce masa ya bari ta yi sanyi, bai saurare su ba. Ta biyo shi har gindin aduwa ta tsaya, tana hangensa ya tsuguna a gaban dutsen, bakinsa na motsi, ya daɗe bai tashi ba.